Ganga Da Akwatin Rediyo



Batun da aka ɗora mana yau shi ne kiɗa, mun kuwa san akwai waɗanda za su ce ɗalibin jami'a yana da abin yi da ya fi wannan. To, su ba mu aron kunnuwansu na ɗan lokaci, domin maganar ta shafi abincin waɗansu bayin Allah, ta kuma shafi abin da za mu bar wa na baya. Tambayarmu ita ce: idan ƙungiyar makaɗa ta sassauta kiɗanta domin gidan rediyo ya karɓa, me ta samu, me kuma ta rasa?

Bari mu fara daga nesa, sa'an nan mu dawo gida. A ƙasashen Turawa akwai wani kiɗa da suke kira metal, watau ƙarfe, saboda nauyinsa: jita tana ruri, ganguna kamar aradu, mawaƙi yana ta da jijiyar wuya. Ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyinsa ita ce Metallica, wadda aka kafa a Amurka a 1981. A faifansu na 1988 akwai waƙar da ta kusa minti 10. Domin faifansu na 1991 sai suka ɗauko wani gwanin shirya faifai, Bob Rock, suka gajarta waƙoƙin, suka rage gudunsu. Gidajen rediyo suka karɓa, aka sayar da faifan fiye da miliyan 16 a Amurka kaɗai, amma tsofaffin masoyansu suka ce an ci amanarsu. Haka ya faru ga Linkin Park, waɗanda suka fito da kiɗa mai zafi a shekarar 2000. Da suka saki faifai mai laushi a 2017, ya zo na ɗaya a kasuwar Amurka, amma a wani taron kiɗa a Faransa cikin shekarar nan sai da aka yi musu ihu.

Kada wani ya ce ina ruwan biri da gada. Mu da muka tashi a ƙasar Rano da Kibiya muna da namu kiɗan mai nauyi, shi ne kiɗan maza. Akwai gangar noma da ke bin 'yan gayya kunya kunya, akwai kiɗan tauri da na mafarauta, akwai kalangun 'yan dambe bayan an kawar da amfanin gona, ga kuma tambari da kakaki da algaita a ƙofar fada. Irin wannan kiɗa a fili aka haife shi. Makaɗi yana kallon wanda yake yi wa, yana ganin lokacin da tsuma ta kama shi, sai ya ƙara wa ganga wuta. Waƙar ba ta da iyaka sai inda taro ya gaji. Haka Ɗan Anace ya yi wa Shago a fagen dambe, haka Kassu Zurmi ya yi wa 'yan tauri.

Da na'ura ta zo, sai ta zo da sharuɗɗanta. Na farko lokaci: faifan garmaho na da, gefe ɗaya ba ya ɗaukar abin da ya wuce kamar minti 3, shirin rediyo kuma yana da farko da ƙarshe, ga labarai suna jira. Na biyu ƙara: abin ɗaukar magana ba ya jure ganguna da yawa a ɗaki guda, don haka sai a ja makaɗa baya, a kusanto da mawaƙi. Na uku, wanda ya fi sauran, shi ne mai sauraro. Tun da aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, makaɗi ya shiga yi wa mutanen da ba ya gani waƙa, daga Sakkwato har Kumasi. Tilas ya rage zambo da habaicin da 'yan garinsu kaɗai ke ganewa, ya zaɓi amshin da kowa zai iya riƙewa.

Daɗin daɗawa, daga shekarun 1990, da finafinan Hausa suka bunƙasa a Kano, sai fiyano ta shigo ɗakunan ɗaukar waƙa. Yaro guda da yatsu goma yana kwaikwayon kalangu da algaita da sarewa, kwamfuta kuma tana gyara murya. Aikin da ƙungiya guda ke yi, da makaɗanta da 'yan amshinta da sanƙiranta, ya koma hannun mutum biyu. Wanda ya je biki a ƙauyukanmu kwanan nan ya ga abin da muke nufi: an jera lasifika, janareto yana ƙugi, tsohon makaɗin gari yana gefe da kalangunsa a hammata, yana jiran a tuna da shi. Ɗansa, da ya ga haka, ba zai koyi ɗaurin tsarkiya ba. Nan ne asarar take, domin abin da ke hannun makaɗi ba a rubuce yake ba, ran da aka binne shi an binne har da taken gidaje da kirarin mazajen garin.

Duk da haka, adalci ne mu faɗi cewa sassauta kiɗa ba laifi ba ne a kan kansa. Makaɗi yana da iyali, kuma Bahaushe ya riga ya ce in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Manyan makaɗanmu duk sun shiga rediyo, ba su kuwa lalace ba. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, rediyo da faifai ne suka kai muryarsa ko'ina, amma bai rabu da kalangu da 'yan amshinsa ba, kuma Bakandamiyarsa takan sake kama gwargwadon taron da ya samu. Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya fara da waƙoƙin noma, ya zama makaɗin fada a Maradun, ya yi wa Sardauna waƙa duniya ta ji, har ya rasu a 1991 kotso bai bar ƙungiyarsa ba. Ɗan Maraya Jos kuwa, da kuntiginsa shi kaɗai, ya nuna cewa gajeriyar waƙa tana iya ɗaukar magana mai nauyi. Su Metallica ma, bayan duk surutun, sun ci gaba da kaɗa tsofaffin waƙoƙinsu masu zafi a gaban taro.

Saboda haka ma'aunin da muke ba da shawara a riƙe shi ne wannan: bayan an gama ɗauka an fito daga ɗaki, ƙungiyar za ta iya tsayawa a fage, ba wutar lantarki, ta motsa jama'a? In za ta iya, to faifan nan mai laushi riga ce kawai ta sa domin zuwa unguwa. In ba za ta iya ba, ta sayar da gona ta sayi taki.

Ina namu aikin? Rano tana cikin Hausa Bakwai. An ba ta masarauta a 2019, aka rushe a 2024, aka kuma dawo da ita cikin shekarar nan a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, ta ƙunshi Rano da Kibiya da Bunkure. Duk yadda siyasa ta juya, hawan salla ba ya yiwuwa da fiyano, sai da tambari da kakaki, sai kuma an sami masu kaɗawa da busawa. Yawancinmu gobe mu ne a gidajen rediyo, mu ne a ma'aikatar al'adu, mu ne a sakatariyar ƙaramar hukuma. Wanda ya sami kujerar shirye-shirye ya ware wa kiɗan fage lokacinsa cikakke, ya kai na'ura filin, kada kullum a kawo makaɗi ɗaki a datse shi. Wanda zai yi aure ko bikin suna, in ya ɗauko mai lasifika, ya kira makaɗin gari shi ma, ya sallame shi da mutunci. Mu ɗalibai kuma, kowannenmu yana da waya a aljihu. Hutun nan mai zuwa, kowa ya nemi tsohon makaɗin garinsu, ya gaishe shi, ya nemi izininsa, ya ɗauki take da kirari daga bakinsa, ya rubuta sunan wanda ya koya masa, ya kawo wa sashen Hausa a ajiye.

 Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya sa mu riƙe amanar da suka bari.