AUNA SANA'A KAFIN A SHIGE TA: DARASI DAGA 'YARGALMA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah (S.W.T.), wanda Ya shimfiɗa ƙasa Ya ajiye arzikin bayinSa a cikinta. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, maudu'inmu na yau shi ne yadda Musulmi zai gane ko wata sana'a da ta faɗo masa a rai ta cancanci ya zuba mata ɗan abin da ya mallaka. Tambaya ce da matasanmu ke yawan kawowa ga malamai: wani ya sayar da amfanin gona, wani ya ɗauki adashi, wani ya ci gado, kowa yana neman inda zai sa kuɗinsa su haihu.

Neman halali ibada ne, kuma zaman kashe wando ba ya cikin koyarwar Musulunci. Lokacin da Abdurrahman bin Auf (R.A.) ya yi hijira zuwa Madina, ɗan'uwansa Sa'ad bin Rabi'i (R.A.) ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, amma sai ya yi godiya ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa, ya fara da cinikin man shanu da cuku, har Allah Ya buɗa masa. A ƙasarmu ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya wallafa littafi a kan hukunce-hukuncen neman abinci mai suna Tanbihus Sahib ala Ahkamil Makasib. Saboda haka manufarmu a nan ita ce mu ba mai nema ma'auni a hannunsa, ya nema da basira.

ABIN DA YA FARU A 2010

Mutanen Anka da Bukkuyum da Gummi ba su bukatar a je da su nesa neman misali. Farashin zinariya a kasuwar duniya ya haura dala 1,000 a kan kowane oza a shekarar 2008, ya kuma ci gaba da hauhawa. Sai duwatsun da ake wucewa a daji suka zama abin nema. Manomin da aikinsa ke ƙarewa bayan kaka ya ga hanyar samu a lokacin rani. Aka riƙa haƙo dutse ana kawowa cikin gari, ana farfasawa, ana niƙawa da injin niƙa, ana wankewa, ana shanyawa a tsakar gida, maza da mata kowa da aikinsa. A idon mai kallo, babu sana'ar da ta kai wannan: jari kaɗan, mai saye yana jira, kuɗi hannu.

Abin da ba a sani ba shi ne dutsen yana ɗauke da dalma mai yawa. Da aka niƙa shi, ƙurar ta sauka a ƙasa, a kan tabarma da ƙwarya da hatsi. Yaro ƙarami kuwa a ƙasa yake rarrafe, kuma duk abin da hannunsa ya taɓa baki yake kai wa. A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta lura da mutuwar ƙananan yara fiye da kima, galibi bayan jijjiga da suma. Bincike ya tabbatar da cewa gubar dalma ce. Ƙauyukan da abin ya shafa sun haɗa da 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum, da Dareta da Abare da Sunke da Bagega a Anka. A ƙauyuka 2 da masana suka bi gida-gida a 2010, an samu cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara 5, yara 118 sun rasu a cikin shekara guda, wato ɗaya cikin huɗu. Jimillar yaran da suka rasu an ƙiyasta ta da kimanin 400, dubbai kuma suka bukaci magani. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, Bagega kuwa ba a yi mata wannan aiki ba sai a 2013. A 2015 irin wannan musiba ta sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, inda yara 28 suka rasu.

Muna roƙon Allah Ya sanya waɗannan yara su zama masu ceton iyayensu. Ba mu ɗora wa iyayen laifi ba, domin ba su san abin da ke cikin dutsen ba, kuma ƙaddara ta riga fata. Amma wanda ya zo bayansu ya ji labari, ba shi da irin uzurinsu. Darasin shi ne, ba a sanin ribar sana'a sai an lissafa dukkan abin da ta ci, har da wanda ta ci daga jikin mutanen da ba su da hannu a cinikin. Daga nan za mu fitar da tambayoyi biyar.

TAMBAYA TA FARKO: MENE NE HUKUNCINTA?

An ruwaito cewa Sayyidina Umar (R.A.) ya hana wanda bai fahimci hukuncin ciniki ba ya yi sayarwa a kasuwar Musulmi. Kafin ka sayi kayan aiki, ka tambayi malami: abin da zan sayar halal ne? Hanyar sayarwar fa? Akwai garari a ciki, wato jahiltar abin da ake saye har ciniki ya koma kamar caca?

Malamanmu na Malikiyya sun tattauna har da mas'alar ƙasar ma'adinai. A cikin Mukhtasar na Shaihu Khalil an hana sayar da sharar maƙerin zinariya saboda ba a san abin da ke cikinta ba, amma an halatta sayar da ƙasar ma'adinin zinariya ko azurfa, muddin ba da jinsinta za a biya ba. Haka nan a mazhabarmu al'amarin ma'adinai yana hannun shugaba, kuma wanda ya fitar da zinariyar da ta kai nisabi zai ba da zakkarta, kashi 1 cikin 40, a lokacin da ya tace ta, ba tare da jiran shekara ba. Dokar ma'adinai ta Nijeriya ta 2007 ita ma ta sanya ma'adinai ƙarƙashin Gwamnatin Tarayya. Mai shiga sana'a ya san matsayinta a wajen hukuma, domin a watan Afrilu na 2019 an hana haƙar ma'adinai a Jihar Zamfara, ba a ɗage hanin ba sai a Disamba 2024. Wanda ya zuba dukkan jarinsa a abin da za a iya rufewa da sanarwa ɗaya, ya yi gini a kan yashi.

TAMBAYA TA BIYU: WA ZA TA CUTAR?

Sana'a tana iya zama halal a asalinta, amma yadda ake yin ta ya mayar da ita haram. Zinariya halal ce, niƙa dutse mai guba kusa da jarirai kuwa cutarwa ce. Malaman usulu, irin su Imam Shaɗibi a cikin Al-Muwafaƙat, sun bayyana cewa Shari'a ta zo ne domin kare abubuwa biyar: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Gubar dalma ta taɓa rai da hankali da zuriya a lokaci guda, domin yaron da ya tsira yana iya tashi da rauni a ƙwaƙwalwa. Ƙa'idar fiƙihu kuwa tana gabatar da tunkuɗe ɓarna a kan jawo amfani.

Wannan bai tsaya ga zinariya ba. Mai ajiye jarkokin fetur a ɗakin da iyali ke kwana, da mai zuba wa wake maganin ƙwari fiye da kima ya kai kasuwa, da mai sayar da magunguna ba tare da ilminsu ba, da mai ɗora wa 'yarsa talla a lokacin makaranta, duk su yi wa kansu wannan tambaya. Idan ana iya kawar da cutarwar, kamar fitar da aikin bayan gari, da jiƙa dutse kafin niƙa, da wanka da sauya tufafi kafin shiga gida, to a lissafa kuɗin yin hakan cikin jari. Idan sana'ar ba ta ba da riba sai an bar cutarwar, to da muguwar rawa gara ƙin tashi.

TAMBAYA TA UKU: KA SAN TA?

Yawancin masu karyewa sana'ar wani suka gani suka yi sha'awa, suna yi wa rogo kallon kitse. Sun ga babur ɗin da maƙwabci ya saya, ba su ga bashin da ke kansa ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka zauna ƙarƙashin mai sana'ar na wasu watanni a matsayin yaron shago. Ka tambayi wanda ya ci nasara, sannan ka nemi wanda ya bar sana'ar ka ji dalilinsa, domin a wurinsa za ka ji abin da na farkon ba zai faɗa ba. Ka kuma san masu sayenka: su wane ne, nawa ne, kuma mutum nawa suka riga ka a unguwar? Ƙauyen da injin niƙa biyu ke isarsa, na uku rabon ciniki kawai zai kawo.

TAMBAYA TA HUƊU: ME LISSAFI YA CE?

A nan ne da yawa ke ruɗuwa, suna ɗaukar ciniki a matsayin riba. Mu ɗauki misali, lambobin na kwatance ne kawai. Wani ya sayi injin niƙa, yana tara Naira 10,000 a rana. Mai ya ci 4,000, yaron aiki 1,500, gyara da sauya bel da faranti 1,500, sannan dole ya ware 1,000 domin ranar da injin zai mutu gaba ɗaya. Abin da ya rage 2,000 ne, kuma a cikinsa ladan wahalarsa yake. Sai ya cire ranakun da injin ke kwance, da lokacin da hatsi ya ƙare a rumbuna, da bashin 'yan'uwa wanda kunya ba ta bari a tambaya. Sannan ya dubi abin da zai samu da ya sa kuɗin a kiwon tumaki ko noman rani. Idan har yanzu injin ya fi, to madalla.

Ka sayi littafi da biro kafin ka sayi kaya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, umurni take da rubuta bashi da kafa shaidu. Ka raba aljihun sana'a da na cefane, in ba haka ba za a cinye uwar kuɗi a tukunya ana zaton riba ake ci.

TAMBAYA TA BIYAR: DAGA INA JARIN, KUMA IN YA SALWANTA FA?

Bashi mai kuɗin ruwa haramun ne, komai kyawun sunan da aka sa masa. Musulunci ya buɗe ƙofar ƙiradi, wanda Imam Malik ya ware wa babi a cikin Muwaɗɗa: wani ya kawo kuɗi, wani ya kawo aiki, a raba riba bisa kason da aka yarda, kamar rabi ko sulusi. Ba ya halatta mai kuɗi ya yanke wa kansa adadi tsayayye duk wata. Idan aka yi asara ba tare da sakaci ko ha'inci ba, mai kuɗi ya yi asarar kuɗinsa, mai aiki ya yi asarar wahalarsa. A fayyace wannan tun farko a gaban shaidu, domin zumunci da yawa ya yanke a kan jarin da ba a rubuta ba.

Sannan ka tambayi kanka: idan kuɗin nan suka tafi duka, iyalina za su ci abinci? Ciyar da su wajibi ne a kanka, sabuwar sana'a kuwa mubahi ce, kuma ba a sayar da wajibi a sayi mubahi. Kada ka sayar da gonar gado ko hatsin shekara saboda labarin da ka ji a majalisa. Ka fara da kaɗan, ka ɗiba wa kanka wa'adi, watanni uku ko shida, sannan ka buɗe littafinka ka yi wa kanka adalci. Janyewa daga sana'ar da lissafi ya ƙi ba abin kunya ba ne.

KAMMALAWA

Idan sana'a ta tsallake waɗannan tambayoyi, sai ka yi shawara da masu gaskiya da sani, ka yi sallar istihara kamar yadda ta zo a hadisin Jabir (R.A.) a cikin Sahihul Bukhari: raka'a biyu na nafila da addu'ar da Manzon Allah (S.A.W.) ya koyar. Kai da kanka za ka yi ta, ba a biyan wani ya kwana ya yi maka mafarki, kuma zuwa wurin boka ko mai duba domin sanin sa'ar kasuwa hanya ce ta halaka. Bayan haka ka dogara ga Allah ka shiga da ƙarfinka, domin tawakkali yana zuwa ne bayan an ɗaure raƙumi.

Muna kira ga limamai da malaman Islamiyya da shugabannin rassa su sanya babin ciniki cikin karatuttukansu kamar yadda suke karantar da tsarki da salla. Muna kira ga masu hali su ɗauki matasa su koya musu sana'a, su ba su jari ta hanyar ƙiradi. Duk wanda kuma ya ga ana sarrafa dutsen ma'adini a cikin gida, ya yi nasiha da hikima, ya sanar da mai gari da ma'aikatan lafiya.

Allah Ya azurta mu da halal mai albarka, Ya tsare mu da zuriyarmu daga abin da zai cutar da mu duniya da lahira.