Buhun Abincin Kare da Abin da Ke Cikinsa: Lacca ga Maharba da Makiyayan Gabashin Sakkwato

 

A ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo kare ma'aikaci ne. Shi ke tayar da zomo a farautar rani, shi ke bin garke, shi ke kwana a bakin rumbu, kuma saboda waɗannan ayyuka ne shari'a ta yarda a ajiye shi. Ladansa kuwa sananne ne: ƙanzo, ragowar tuwo, dusa da tsala, sai ranar kasuwar Achida idan mahauta sun yi rangwame ya sami kayan ciki. Yanzu ga buhunan busasshen abincin kare a shagunan magungunan dabbobi na birane, an zana kai da fuskar kerkeci, an rubuta da manyan baƙaƙe cewa furotin, wato sinadarin gina jiki, ya kai kashi 30 cikin 100. Mai kare yana da haƙƙin ya san ma'anar wannan lamba kafin ya zaro kuɗi.

Ƙungiyar AAFCO ta jami'an sa ido kan abincin dabbobi a Amurka, wadda kamfanoni da yawa ke bin ma'auninta, ta ce babban kare yana buƙatar aƙalla kashi 18 na furotin idan an cire ruwan da ke cikin abincin. Kwikwiyo da karya mai ciki ko mai shayarwa suna buƙatar kashi 22.5. Ke nan kashi 30 ya zarce buƙatar karen da ke kwance a zaure. Ba zai cutar da lafiyayyen kare ba, amma rarar furotin ɗin makamashi kawai take zama, ragowar ta fita a fitsari.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne yadda ake samo lambar. A ɗakin gwaji ba furotin ake aunawa kai tsaye ba. Sinadarin naitirojin ake aunawa, a ninka shi sau 6.25, bisa dabarar da wani masani ɗan Denmak, Johan Kjeldahl, ya fito da ita a 1883. Duk abin da ke ɗauke da naitirojin zai shiga lissafin, ko tsoka ce, ko gashin kaza, ko ƙofato. A 2007 wasu 'yan kasuwa a ƙasar Sin suka yi amfani da wannan kafa, suka zuba melamin, sinadarin da ake yin kwanukan roba da shi, a cikin garin da ake sayar wa kamfanonin abincin dabbobi. Kusan kashi biyu cikin uku na nauyin melamin naitirojin ne, don haka gwaji ya nuna furotin ya cika fal. Karnuka da kyanwoyi suka yi ta mutuwa a Amurka da ciwon ƙoda, aka janye kaya daga kasuwa. Shekara guda bayan haka aka maimaita wannan ha'inci a madarar jarirai a Sin, inda yara kusan 300,000 suka kamu da rashin lafiya.

Saboda haka sai a juya buhu a duba bayansa, inda aka jera kayan haɗi. Ƙa'ida ita ce a fara da mafi nauyi, amma nauyin kafin a dafa. Ɗanyen naman kaza kusan kashi 70 nasa ruwa ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai kilishi ya ga yadda cinyar sa ke komawa 'yan falle marasa nauyi. Haka naman da ya zo na farko a jerin zai iya komawa baya da zarar an busar da shi, masara ta haye gaba. Garin nama ko garin kifi da aka riga aka busar ya fi shi faɗin gaskiya, muddin an ambaci dabbar da aka samo shi daga gare ta. Buhun da ya ce "garin dabba" kawai, bai ce kaza ko rago ba, ya bar wa mai saye tambaya. Wata dabarar kuma ita ce a raba abu ɗaya gida uku, a rubuta masara, garin masara, dusar masara, don kowanne ya yi ƙasa da nama a jerin.

Wannan ba ya nufin hatsi abokin gaba ne. A 2013 masu bincike a Jami'ar Uppsala ta Suwidin sun nuna cewa kare ya fi kerkeci ƙwayoyin halittar narkar da sitaci nesa ba kusa ba. Buzayen Azawak sun daɗe da sanin haka, domin dogon karensu mai gudun tsiya da gero da nono yake tashi, sai abin da ya kamo. Su kuwa buhunan da ke alfahari ba hatsi a cikinsu, yawanci da dangin wake suke cike gurbin, kuma a 2018 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta buɗe bincike kan ko suna da hannu a wani ciwon zuciya na karnuka. Ba a tabbatar da laifinsu ba, amma babu dalilin biyan ƙarin kuɗi a kansu.

Inda gero da masara suka gaza shi ne sinadarin laisin, ɗaya daga cikin tubalan furotin goma da jikin kare ba ya iya ƙerawa da kansa. Kifi yana da shi da yawa. Ga madatsar ruwan Goronyo a kan Gulbin Rima, wadda aka kammala a 1984, masunta na fitar da kifi ana banda. Ɗan dakakken busasshen kifi a kan tuwon gero, da nono, da kitse kaɗan a lokacin farauta, abinci ne da babu likitan da zai raina. Kitsen ma shi kare mai yini yana gudu ya fi nema, domin makamashinsa ya ninka na furotin fiye da sau biyu. Tsoka zalla kuwa ba ta da isasshen sinadarin ƙashi, kwikwiyon da aka raina da ita kaɗai ƙafafunsa kan lanƙwashe.

Sai babban haɗarin da ya keɓanci wannan yanki. Fadamun Wurno da Goronyo sun yi suna da albasa da tafarnuwa, miyar gidajenmu ba ta rabuwa da su. Dukansu biyu suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, ɗanye ne ko dafaffe. Karen da ake juye wa ragowar miya kullum zai fara kasala, dasashinsa ya yi fari, fitsarinsa ya yi duhu, mai shi ya ce sammu ne ko maciji. A ɗaga leɓensa a duba dasashin, ba ya ɗaukar minti ɗaya.

Haɗari na biyu shi ne hunhuna. Masara da gyaɗar da suka sha laima suna tara gubar aflatoksin mai lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. A ƙarshen 2020 da farkon 2021 karnuka fiye da 100 suka mutu a Amurka bayan sun ci busasshen abincin Sportmix mai wannan guba. Ƙuli-ƙuli yana da furotin sosai, amma wanda aka yi da ruɓaɓɓiyar gyaɗa ajali ne. Shi ma buhun kanti ba ya jure zafin Afrilu a Sakkwato, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40: maiƙon ciki yana lalacewa ya yi wari.

Don haka wanda zai sayi buhu ya duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, ya sayi ɗan ƙarami da zai ƙare cikin wata guda, ya ajiye shi a inuwa bakinsa a ɗaure, ya sauya wa kare abinci a hankali cikin mako ɗaya, kuma kada kasko ya rabu da ruwa. Ɗaliban likitancin dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kuma, roƙon da ake yi muku shi ne ku ɗebi dusa da garin kifi da ƙuli-ƙulin kasuwanninmu ku auna su, ku dawo ku gaya wa maharba da makiyaya mudu nawa na wane za su haɗa, da Hausa da Fulatanci.