Kafin a Ce A Yi Fomatin: Fitar da Saitin Rajistar Windows da Mayar da Shi ta Baƙin Allo

  Shugaban taro, iyayena malamai, ma'aikatan sakatariyar Boɗinga da ta Shagari, masu shagunan buga takardu, da ƙannena ɗalibai, barkanku da zuwa.

Duk wanda ke zaune a nan ya san hukuncin da ake yanke wa kwamfuta idan ta fara gardama: a yi mata fomatin. A ɗora ta a bayan mashin ko a mota a nufi Sakkwato, injiniya ya share komai, ya zuba Windows sabuwa, a biya a dawo. Za ta dawo tana gudu, ba musu. Amma haruffan ƙ da ɗ da ɓ sun ɓace daga madannai, ƙofar filas da aka toshe saboda bairos ta sake buɗewa, manhajar ofis ta manta duk yadda aka saba da ita. Malamin da ya yi waɗannan gyare-gyare tun farko kuwa an yi masa canjin wurin aiki zuwa Yabo ko Tureta, kuma bai bar komai a rubuce ba. Abin da ya tsaya mini a rai ke nan: ilimin yadda aka saita na'urorinmu yana zaune a kan mutum ɗaya, ran da ya tafi ya tafi da shi. Alhali Windows ta tanadi hanyar fitar da wannan ilimi zuwa fayil da kowa zai iya karantawa.

Mafi yawan saitin yana cikin rajista. Ta fara bayyana a Windows 3.1 a 1992, ƙarama, sannan Windows NT ta 1993 da Windows 95 suka mayar da ita babbar ma'ajiya. A kan faifai, fayiloli ne a C:\Windows\System32\config masu sunaye SYSTEM, SOFTWARE, SAM da SECURITY, kuma kowane mai amfani yana da nasa NTUSER.DAT. Manyan rassanta biyar ne, amma biyu za ku riƙa cin karo da su kullum: HKLM, wanda ya shafi na'urar gaba ɗaya, da HKCU, wanda ya shafi mutumin da ya shiga da sunansa a wannan lokaci. Ku riƙe wannan bambanci, zan dawo kansa.

Wani zai ce, ai akwai regedit mai taga da linzami, me ya kai mu baƙin allo? Amsar tana cikin ɗakin kwamfuta na makaranta. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, don haka yaron Danchadi ko Kajiji dole ya saba da na'ura kafin ranar. Malami ɗaya da kwamfuta 30 a gabansa, wuta kuma ba ta da tabbas, man janareta na ƙonewa, ba zai bi su ɗaya bayan ɗaya yana lalube da linzami ba. Ga shi wasu na'urorin gwanjo da muke saye suna zuwa da Windows ta gida, wadda babu gpedit, manhajar saita dokokin na'ura, a cikinta. Umarnin reg kuwa yana cikin kowace Windows tun daga XP, ba sai an sauko da komai daga intanet ba.

Bari mu yi aiki ɗaya tare, daga farko har ƙarshe. A ce shugabar makaranta ta gaji da bairos ɗin nan mai ɓoye fayiloli ya bar gajerun hanyoyi a madadinsu, ta ce a hana sa filas. Ka buɗe cmd, wato baƙin allon, da ikon mai gudanarwa. Kafin ka taɓa komai, ka ƙirƙiri folda mai suna ajiya, ka rubuta:

reg export HKLM\SYSTEM\CurrentControlSet\Services\USBSTOR C:\ajiya\filas-kafin.reg

Yanzu ka buɗe wannan fayil da Notepad, kada ka danna shi sau biyu. Layin farko zai nuna Windows Registry Editor Version 5.00. Ƙasa da shi ga sunan mabuɗin a cikin baka mai kusurwa, sannan ka nemo layin da ke cewa "Start"=dword:00000003. Lamba 3 tana nufin direban filas zai tashi idan an buƙace shi. Lamba 4 tana nufin an kashe shi. Sai ka rubuta:

reg add HKLM\SYSTEM\CurrentControlSet\Services\USBSTOR /v Start /t REG_DWORD /d 4 /f

Daga nan filas ba za ta buɗe ba, amma linzami da madannai masu shiga ta wannan ƙofa za su ci gaba da aiki, domin direbansu daban ne. Ranar da aka zo ɗaukar sakamakon jarrabawa a filas, reg import C:\ajiya\filas-kafin.reg zai mayar da 3 wurinta. Ku lura da dalilin da ya sa na ajiye fayil ɗin a kan faifan na'urar: wanda ya toshe ƙofar filas alhali maganin buɗewar yana cikin filas, ya jawo wa kansa wahala. A ajiye kwafi a ciki, a ajiye wani a waje.

Na nanata a buɗe da Notepad, kuma ina da hujja daga ƙasar nan da muke kai. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a Sifawa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi yana nan Boɗinga kusa da shi, ɗalibai suna kwafe littattafai da hannu. A al'adar masu kwafe, ba a yarda da kwafi sai an yi masa muƙabala, an jera shi da asali an bi layi-layi. Fayil ɗin .reg yana son irin wannan kulawa. Bayan ka shigar, ka tambayi na'urar da reg query da sunan mabuɗin, ka ga ko abin da ke ciki ya yi daidai da abin da ke rubuce. Akwai ma reg compare, mai jera mabuɗai biyu ya nuna inda suka saɓa.

Yanzu ga inda mutane da yawa ke faɗawa. Ana zaton reg import yana mayar da rajista yadda take a ranar da aka fitar. Ba haka ba ne. Gauraya yake yi: abin da ke cikin fayil ya rubuta shi a kan na na'ura, abin da aka ƙara bayan fitarwa kuma ya bar shi yadda ya same shi. A ce ka fitar da HKCU\Software\Microsoft\Windows\CurrentVersion\Run ranar Litinin, wato jerin manhajojin da ke tashi da zarar an shiga. Ranar Laraba bairos ya dasa sunansa a wurin. Ka shigar da fayil ɗin Litinin sau goma, sunan nan yana nan daram. Sai dai ka cire shi da reg delete, ko ka sa alamar debewa a fayil: idan ta zo gaban sunan mabuɗi a cikin baka, mabuɗin duka zai tafi, idan ta zo bayan alamar daidai, layin kaɗai zai tafi. Wanda ke son mayarwa ta gaskiya, mai maye gurbin abin da ke wurin, reg save da reg restore zai nema. Su kuma fayil ɗinsu ba rubutu ba ne, ido ba ya karanta shi.

A kan reg save ina da gargaɗi mai nauyi ga ma'aikatan sakatariya. Wanda ya samu kwafin SAM da SYSTEM tare, ya samu abin da zai iya fasa kalmomin sirrin na'urar da shi. Kada a bar irin waɗannan a filas ɗin da ke yawo tsakanin ofis da shagon buga takardu.

Na ce zan dawo kan HKCU. Idan ɗalibai suna shiga da asusu mara iko, kai kuma ka buɗe cmd da asusun mai gudanarwa ka shigar da saitin HKCU, saitin ya tafi asusunka ne, ba nasu ba. Na'urar za ta ce aiki ya kammala, kuma gaskiya ta faɗa, amma ɗalibi ba zai ga canji ba. Wannan ya shafi harshenmu kai tsaye. Windows tana da tsarin madannai na Hausa, lambarsa 00000468, kuma ana ganin ta ƙarƙashin HKCU\Keyboard Layout\Preload. A Windows 10 da 11 jerin harsuna yana kuma ƙarƙashin Control Panel\International\User Profile, don haka a fitar da duka biyun, a shigar da su daga cikin asusun wanda zai yi rubutun. Wani abu kuma: fayil mai kan Version 5.00 a tsarin Unicode yake, shi ya sa yake riƙe ƙ da ɗ da ɓ. Tsohon tsari mai kan REGEDIT4 ba ya riƙe su. Idan ka gyara fayil a Notepad, ka bar shi a tsarin da ya zo da shi.

Kada kuma wani ya fita daga nan ya fitar da HKLM gaba ɗaya ya zuba a wata na'ura. Dell da HP ba kayan ciki ɗaya gare su ba, ƙarshenta na'urar ta ƙi tashi. Reshe ƙarami ake ɗauka, wanda aka san aikinsa. Idan manhajar da kake neman saitinta tsohuwa ce mai bit 32 a kan Windows mai bit 64, saitinta yakan zauna ƙarƙashin WOW6432Node, kuma /reg:32 ko /reg:64 a ƙarshen umarni shi ke zaɓar ɓangaren.

Wasu tsofaffin hannu a cikinku sun saba dogara da foldar RegBack, inda Windows ke ajiye kwafin rajista. Tun fitowar Windows 10 sigar 1803 a 2018, Microsoft ta daina cika ta da kanta. Za ka leƙa ka tarar da fayiloli marasa komai. Ita kanta Windows 10 tallafinta na gama-gari ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma na'urorinmu da yawa a kanta suke. Za a yi ta sauye-sauye da sake zubi a 'yan shekarun nan, lokacin da za a fi buƙatar waɗannan fayiloli ke nan.

Abin da nake roƙon shugabannin makarantu da na sassa shi ne su sa wannan cikin takardar miƙa aiki. Garin Shagari ya ba Najeriya malamin makaranta da ya zama shugaban ƙasa a 1979, kun san darajar rajistar aji da littafin tsara darasi. Ba a barin malami ya tafi sai ya miƙa su. A ƙara musu foldar ajiya. Kowane fayil ya ɗauki suna mai ma'ana da kwanan wata, a sa layin bayani da Hausa a cikinsa, domin rajista tana tsallake duk layin da ya fara da alamar waƙafi mai ɗigo. A tara umarnin reg import a fayil ɗin .bat guda, wanda sabon malami zai gudanar a kowace na'ura. Fayil ɗin .reg da aka turo ta WhatsApp kuwa, ko daga wa ya fito, a karanta shi tukuna, don reg import ba ya tambayar ko ka tabbata kafin ya rubuta.

Shugaban taro, a nan zan dakata. Masu kwamfutar hannu su buɗe cmd, mu fara da reg query a kan mabuɗin Run, kowa ya ga abin da ke tashi a na'urarsa.