WAYAR TAMU CE, GUMIN DA KE CIKINTA FA?

Jawabin da aka gabatar a taron ɗalibai 'yan asalin ƙasar Haɗeja, wanda aka yi a garin Malam Madori lokacin dogon hutu.



Kafin mu shiga cikin abin da ya tara mu, wajibi ne mu gode wa shugabannin wannan ƙungiya saboda damar da suka ba mu ta tsayawa a gaban manya, alhali kuwa a cikin zauren nan akwai waɗanda suka fi mu sani da shekaru. Batun da aka ɗora mana shi ne haƙƙin mallakar fasaha a zamanin wayar hannu da kwamfuta, watau wane ne ke da ikon kwafar littafi ko waƙa ko fim ko manhaja, kuma ina iyakar ikon mutum a kan wayar da ya saya da kuɗinsa. Mai yiwuwa wani ya ce ai wannan magana ce ta lauyoyin Legas da Abuja. To, amma duk wanda ya ratsa ta bakin tasha ya ga rumfunan cajin waya, da samarin da ke zaune gaban kwamfuta suna tura wa jama'a fina-finai da waƙoƙi a memori, da masu gyara suna yi wa wayoyi filashin, ya san lalle maganar ta iso ƙofar gidanmu.

Abin da muke so mu tabbatar a yau guda ɗaya ne. Wayar da mutum ya saya tasa ce, yana da ikon ya gyara ta, ya sarrafa ta yadda za ta amfane shi. Amma aikin da wani ya yi da guminsa, wanda ya shigo cikin wayar, yana nan da mai shi. Mun daɗe muna cakuɗa waɗannan abubuwa biyu, kuma cakuɗawar tana cutar da mu.

Bari mu fara da tarihin garin nan. Jirgin ƙasa ne ya raya Malam Madori. Tun da aka shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Nguru, wanda ya kai can a 1930, tashar nan ta zama matattarar gyaɗa, ana lodinta zuwa Kano, daga nan sai bakin teku. Kakanninmu sun sha ba mu labarin yadda manomi yake shan rana damina guda, amma ribar ta tsaya a hannun masu awo da kamfanonin ƙetare. Mukan ji haushin wannan labari duk sa'ad da aka maimaita shi. Abin mamaki kuwa shi ne, irin abin da aka yi wa manomin gyaɗa jiya, shi muke yi wa mawaƙi da marubuci da mai shirya fim a yau, kuma da hannunmu muke yi.

Alal misali, mu dubi sana'ar fim ɗin Hausa. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa da ke Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lissafa shi a matsayin mafarin fina-finan Hausa na kaset. Cikin 'yan shekaru kasuwar Ƙofar Wambai ta zama cibiyar wannan ciniki. A wancan lokaci mai fim yakan buga kwalayen kaset ya sayar wa 'yan kasuwa, su kuma su kwafi fim ɗin su zuba a ciki, saboda haka yawan kwalin da ya sayar shi ne yawan abin da zai samu. Ko a lokacin akwai masu satar fasaha, amma ɓarawo sai ya sayi kaset, ya nemi injin kwafa, ya kuma yi jabun kwali. Da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, daga baya memori ya biyo ta, sai wannan wahala ta kau. Fim ɗin da aka yi watanni ana shiryawa ya zama abin da ake turawa cikin 'yan mintoci da kuɗi ƙalilan, ba kwali, ba shaida, kuma ko kwabo ba ya komawa ga wanda ya zuba dukiyarsa. Kasuwar faifai ta mutu a kan idonmu, masu shirya fim da yawa suka karye, waɗanda suka rage suka koma yin fim mai dogon zango a YouTube da tashoshin talabijin irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014.

Wani zai ce ai kwafa al'adarmu ce, domin malamanmu na dā da hannu suke juyar littattafai da waƙoƙin ajami, ba wanda ya taɓa neman izinin kowa. Wannan gaskiya ne, amma sai mu lura da abu biyu. Na farko, mai juyar littafi yakan kiyaye sunan mawallafi, ya yi masa addu'a, sa'an nan ya sa nasa sunan a ƙarshe a matsayin wanda ya rubuta da hannu kawai. Ba ya raɓa aikin wani ga kansa. Na biyu, mawallafin bai ci bashi ya biya ma'aikata hamsin kafin aikin ya fito ba. Malaman wannan zamani ma sun duba mas'alar. A 1988 Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ne da shari'a ta kare, bai halatta a keta su ba.

To, me dokar ƙasa ta ce? Turawan mulki ne suka fara shigo da dokar Ingila ta 1911. Bayan samun mulkin kai aka yi dokar soja ta 1970, sa'an nan ta 1988, wadda a ƙarƙashinta aka kafa hukumar da ake kira yanzu Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya. Dokar da ke aiki a yau ita ce ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023. A ƙarƙashinta, littafi da waƙa suna cikin kariya muddin mai su yana raye, da kuma shekara 70 bayan rasuwarsa. Watau waƙoƙin da Alhaji Mamman Shata ya ƙaga, shi da ya rasu a 1999, suna da magada masu haƙƙi a kansu har zuwa 2069. Fim da sautin da aka naɗa kuwa shekara 50 suke samu. Manhajar kwamfuta doka ta lissafa ta a sahun rubutattun ayyuka, daidai da littafi. Bugu da ƙari, sabuwar dokar ta shafi intanet: mai aiki yana da ikon ya nemi a sauke aikinsa daga shafin da aka ɗora shi ba da izininsa ba, kuma an hana fasa makullin da aka sa don kare aikin fasaha.

Kada mu ɗauka dokar ta toshe kowace ƙofa. Ta bar wa ɗalibi da mai bincike da mai sharhi damar amfani da aikin wani gwargwadon adalci, ta kuma ba da izinin mayar da littattafai zuwa sigar da makafi za su iya karantawa. Ɗalibin da ya ɗauki hoton wasu shafuka don nazarinsa daban yake da wanda ya kwafe littafi sukutum ya kasa shi a bakin ƙofar makaranta yana sayarwa.

Yanzu sai mu juyo ga ita kanta wayar. A fadamun Haɗeja, bayan da aka janye tallafin man fetur a 2023, mun ga manoman rani da yawa sun kai injinan ban ruwansu wurin makanikai an mayar da su masu aiki da gas. Ba mu ji kamfanin da ya ƙera injin ya aiko da sammaci ba, domin wanda ya sayi abu shi ke da iko da shi. A ganinmu haka ya kamata waya ta kasance. Wanda ya sayi wayarsa ta halal, ya canja mata gilashi ko batir, ko ya sa aka yi mata filashin don ta daina daskarewa, ko ya buɗe ta don ta karɓi layin wani kamfani, ko ya cire tarkacen da ke cinye masa data, bai ɗauki kayan kowa ba. Masu iya magana sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

An yi wannan jayayya a Amurka, inda kamfanin Apple yake. Dokarsu ta 1998 ta hana fasa makullin fasaha, kuma kamfanin ya tsaya a kan cewa buɗe iPhone don sa mata manhajar da bai amince da ita ba keta haƙƙinsa ne. A 2010 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka, wanda doka ta ba shi ikon sake duba lamarin duk bayan shekara uku, ya yanke cewa mai waya yana iya buɗe ta don ya sa manhajar da ya samu ta halal. Da aka janye izinin buɗe waya don canja layi a farkon 2013, mutane fiye da 100,000 suka sa hannu a takardar koke, har majalisa ta yi doka a 2014 ta dawo da shi. Darasin da ke nan shi ne, an halatta buɗe waya, amma ba a halatta zuba mata kayan sata ba.

A nan ne tilas mu faɗa wa kanmu gaskiya. Akwai buɗewar da ba gyara ba ce. Idan aka kawo wa mai gyara wayar da ke kulle da sunan wani, wanda ya kawo ta bai san lambar sirrinta ba, ba shi kuma da takardar saye, to kowa ya san abin da ake ciki, kuma abokin ɓarawo ɓarawo ne. Haka nan wanda ya karɓi waya bashi a kan zai riƙa biya kaɗan-kaɗan, sa'an nan ya je a cire makullin da masu bashin suka sa, ya ci amana. Daɗin daɗawa, akwai manhajojin da aka yi wa kwaskwarima, irin jabun WhatsApp da ya cika wayoyin ƙannenmu. Kamfanin yana rufe lambar masu amfani da su, kuma ba wanda ya san hannun da saƙonninsu suke bi. Araha ba ta ado.

Mu ɗalibai ma ba mu tsira ba. Nawa ne daga cikinmu suka rubuta kundin kammala karatu da manhajar da aka biya kuɗinta? Yayyenmu ma'aikata kuma, su duba kwamfutocin da ke ofisoshinsu. Manhajar da aka fasa makullinta sau da yawa takan zo da ƙwayar cuta a ciki, kuma ba ta samun gyaran da kamfani ke aikowa. Idan irin wannan kwamfuta ce ke riƙe da jadawalin albashi ko sakamakon jarrabawa, to an bar ƙofar taskar jama'a a buɗe.

Amma fa idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kamfanonin da ke sa farashin manhaja da dala ba su yi la'akari da ɗan manomin da ke karatu da kuɗin buhun shinkafa ba. Samarin da ke tura fina-finai a bakin tasha kuwa 'yan'uwanmu ne, da yawansu sun gama sakandare ba su sami aiki ba, kuma su ne suke kai fim da waƙa da karatun malamai ƙauyukan da intanet ba ta da ƙarfi. Kame da tara kaɗai ba za su warware wannan matsala ba.

Saboda haka muna ba da shawarwari huɗu. Na ɗaya, masu tura fina-finai na wannan yanki su haɗa kansu su yi ƙungiya, su ƙulla yarjejeniya da masu shirya fim, su riƙa biyan wani kaso a kan kowane sabon aiki, domin sana'arsu ta zama halal a idon shari'a da doka. Na biyu, masu gyaran waya su riƙa neman takardar saye ko wata shaida kafin su buɗe wayar da ke kulle, su kuma ajiye littafin da suke rubuta abin da aka kawo musu. Na uku, mu ɗalibai da ma'aikata mu koyi aiki da manhajojin da masu su suka sake wa duniya kyauta, kamar Linux da LibreOffice, waɗanda doka ta yarda a kwafa, a gyara, a raba. Jami'o'inmu na Dutse da Kafin Hausa suna iya zama jagora a wannan fanni. Na huɗu, muna roƙon Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta fassara dokar 2022 cikin Hausa mai sauƙi, a karanta ta a rediyo, ta kuma fito ƙarara ta bayyana wa masu gyara iyakar abin da ya halatta su yi wa waya. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma ba adalci ba ne a hukunta mutum da dokar da bai taɓa jin ta da harshensa ba.

'Yan'uwa, mu 'ya'yan bakin kogi ne. Mun tashi mun tarar ruwan kogin Haɗeja na kowa ne, mai shanu ya shayar, mai lambu ya ja, mai kwalekwale ya ƙetare. Amma kifin da ya shiga komar masunci, ba mai sa hannu ya ɗauka sai ya biya. A cikin zauren nan akwai waɗanda gobe za su rubuta littattafai, da masu tsara waƙa, da masu karatun kwamfuta da za su ƙirƙiro manhaja da harshen Hausa. Irin kasuwar da muka gina yau, ita za su tarar ranar da suka kawo nasu kayan. In mun saba wa jama'a da cewa aikin ƙwaƙwalwa ba shi da kuɗi, kada mu yi kuka sa'ad da aka tura namu a memori a bakin tashar garin nan.

 Inda muka yi kuskure, iyayenmu malamai su gyara mana. Allah ya ba mu ikon cin halal, ya sa albarka a cikin karatunmu, amin.