Matar Da Ta Yi Shekaru Tana Ƙirga Ɓeraye

Wadda ke tsakar gida tana tankaɗe, da wadda ke gindin murhu, a ɗan matso kusa da rediyo. Zancenmu na yau ya shafi wani baƙo ne da ba ya sallama, ba ya kuma jiran a ce masa bismillah kafin ya sa baki a kwano. Ɓera ke nan.

Za mu shiga zancen ne ta hannun wata mace 'yar uwarmu, masaniyar rayuwar dabbobi, mai suna Dakta Elisabeth Fichet-Calvet. 'Yar ƙasar Faransa ce. Ta fara bincikenta a kan ɓerayen hamada a ƙasar Tunisiya, daga baya, a farkon shekarun 2000, ta mai da hankalinta kan ƙauyukan ƙasar Gini da ke nan Afirka ta Yamma. Ta kuma yi shekaru tana aiki a cibiyar binciken cututtuka ta Bernhard Nocht da ke birnin Hamburg a Jamus. Aikinta kuwa? Ɗana tarko, kama ɓera, auna shi, a rubuta inda aka kama shi da watan da aka kama shi. Na san wata za ta ce, "Oh ni 'yasu! Mutum ya yi karatu har ya zama dakta, ya ƙare a bin ɓera?" To 'yar uwa, ki yi haƙuri ki ji abin da bin ɓeran ya haifar.

Kin dai san zazzaɓin Lassa, ko da a rediyo ne. Sunan wani gari ne a jihar Borno, inda aka fara gane cutar a shekarar 1969, bayan ta kama wasu ma'aikatan jinya na mishan, biyu daga cikinsu suka rasu. A 1972 cutar ta ɓarke a ƙasar Saliyo, likitoci suka kama ƙananan dabbobin yankin suka duba, suka sami ƙwayar cutar a jikin wani ɓera da masana ke kira Mastomys natalensis. Ɗan madaidaici ne, bai kai gafiya ba, ba kuma jaɓa ba ce mai dogon baki da wari. Abin da ya bambanta shi, macen tana da nonuwa jere biyu, har sukan kai 24. Cikinta mako uku ne da 'yan kwanaki, kuma haihuwa ɗaya takan zubo 'ya'ya 10 ko fiye. Shi ɓeran cutar ba ta kayar da shi, yawonsa yake yi, yana zubar da ita a fitsarinsa da kashinsa.

To amma an daɗe ana cikin ruɗani, domin ɓeran yana da 'yan uwa masu kama da shi kamar an tsaga kara. Ko masani ya riƙe su a hannu, da wuya ya ce wannan wane ne. Hausawa kuwa sun ce kama da wane ba ta wane. A nan ilimin gado ya shigo. Kowace halitta tana ɗauke da wani rubutu a cikin ƙwayoyin jikinta, shi ne ke sa ɗiyarki ta ɗauko hancinki ko wushiryar babanta. Rubutun nan a ƙulle yake ƙulli-ƙulli. Mu 'yan Adam ƙullinmu 46 ne. Ɓeran nan nasa 32, wani ɗan uwansa da ido ba ya raba su kuma 38. Da karanta rubutun gadon ne ake sanin kowa da gidansu.

Haka Dakta Fichet-Calvet da abokiyar aikinta Emilie Lecompte da sauran tawagarsu suka yi. Sun kama ɓeraye 1,482 a wurare 18 na ƙasar Gini, suka tantance irin kowanne, suka duba ko yana da cutar. A rahoton da suka fitar a 2006, ba su sami ƙwayar Lassa a kowane iri ba sai a wannan mai yawan nonuwan. Ɓarawo ya sami suna, an daina jifa a duhu.

Saura tambaya ta biyu, wadda ta fi shafarmu. Me ya sa mutane suka fi kamuwa da rani? Ai ko a Najeriya daga Disamba zuwa wajajen Afrilu ne cutar ta fi tashi. Sai matar nan ta zaɓi ƙauyuka 3 a yankin Faranah na Gini, ta yi shekara 2 tana komawa, damina da rani, tana ɗana tarkuna a cikin ɗakuna da gonakin bayan gida. Dabbobi 1,123 suka kama, 601 daga ciki irin ɓeran nan ne. Abin da suka gani, wanda suka wallafa a 2007, ya ba mutane mamaki. Ashe da damina ne ɓerayen suka fi ɗauke da cutar, ninki biyu zuwa uku. Amma da damina da yawansu suna gona, abinci ya wadace su. Da rani ya shiga, gona ta bushe, an kwashe amfani an kai gida, sai yawansu a gona ya faɗi warwas, a cikin ɗakuna kuwa ya ninka.

Kin ji inda gizo ke saƙar, uwargida. Ɓera hatsi yake bi. Inda aka kai buhu, nan yake tarewa. Wato daga kaka zuwa bazara, ɗakin da kike kwana da yaranki, in dai akwai buhun masara a lungu ko kwanon tuwo a buɗe, shi ne gonarsa. A nan ne fitsarinsa ke haɗuwa da garinmu, da ruwan randarmu, da tabarmar da jariri ke rarrafe.

Aikin nata bai tsaya a ƙauyukan Gini ba. A 2009, ita da Farfesa David Rogers na Jami'ar Oxford sun haɗa bayanan ruwan sama da zafin gari da wuraren da aka taɓa samun cutar, suka zana taswirar inda haɗari yake a Afirka ta Yamma. Taswirar ta nuna kusan kashi 40 cikin 100 na ƙasar Najeriya, ta kuma nuna sassan Benin da Togo. Sai ga shi cutar ta ɓulla a Benin a 2014, a Togo kuma a 2016. Ta kuma yi aiki da masanan ƙasashenmu. Dakta Ayodeji Olayemi na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, tare da ita da wasu, sun ba da rahoto a 2016 cewa sun sami ƙwayar Lassa a wasu irin ɓeraye guda biyu, ciki har da ɗan uwan nan mai ƙulli 38. Saboda haka kada wata ta tsaya ƙirga nonon ɓera kafin ta ɗauki mataki. Duk ɓeran da ya shigo ɗaki, a ɗauke shi abin gudu.

Sai maganar magani. Da yawanmu in ɓera ya dame mu, sai mu aiki yaro ya sayo na ɓera, a zuba dare ɗaya, a tsinci biyu ko uku da safe, a ce an huta. Tawagar matar nan ta gwada wannan a ƙauyukan Faranah har shekara 4, suna sa magani a ɗakunan gari sau ɗaya a shekara, da rani. Ɓerayen sukan ragu ƙwarai, amma bayan 'yan watanni sai su dawo. Don su gane dalili, sun sa wani rini a cikin abincin ɓera, rinin da ke fitowa a gashin bakinsa in an duba da na'ura. Da haka suka tabbatar ɓerayen suna kai-komo tsakanin ɗakuna da gonakin da ke kewaye. Kin kashe na ɗakinki, na waje sun sami gurbi, ga kuma haihuwa kamar ta fara. Darasin da suka fitar shi ne, yaƙin ɓera ba na rana ɗaya ba ne, kuma ba na gida ɗaya ba ne.

To 'yan uwa, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne masu ɗaki, mu ne masu madafi, abin da binciken nan ya gano a hannunmu yake ƙarewa. Gari, shinkafa, wake, gyaɗa, a zuba su a mazubi mai murfi da ke rufuwa gam, roba mai kauri ko na ƙarfe. Buhu ba ya hana ɓera. In da hali, a roƙi maigida ya raba ɗakin hatsi da ɗakin kwana, a kuma toshe ramuka da siminti. Sauran tuwon dare a rufe shi, a ɗora abu mai nauyi, da safe a ɗumama shi ya yi zafi sosai. Randa da tulu kada su kwana a buɗe. Kwanuka a wanke su da dare, a kife. Shanyar tsaki ko kuɓewa ko ƙanzo, a ɗaga ta daga ƙasa, a kwashe kafin magariba. In kin ga kashin ɓera, ki yayyafa ruwan sabulu ko na bilic kafin ki sa tsintsiya, don ƙurar ma tana iya ɗaukar cutar. Mushen ɓera kada a taɓa shi da hannu, a sa leda a ɗauka, a binne. Maganin ɓera kuma a ajiye shi inda hannun yaro da bakin kaza ba za su kai ba.

A ja wa yara maza kunne kan farautar ɓera da gafiya. A can Gini masu binciken sun ga yara suna kama su, suna feɗewa da hannu, ga cizo ga jini. Sannan ki yi wa maƙwabciyarki zancen, ko ta katanga, ko a gidan suna, maigida kuma ya kai shi ga mai unguwa, domin in gidanki ya tsaftata na kusa bai yi ba, ɓera bai yi nisa ba.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi nauyi. Lassa takan fara kamar zazzaɓin cizon sauro: zafin jiki, ciwon kai, kasala, ciwon maƙogwaro. Mutum 8 cikin 10 ba ta yi musu tsanani, amma wanda ta tsananta wa tana iya kashe shi, kuma cikin waɗanda suka tashi akwai masu rasa ji. Mai ciki ta fi kowa shiga haɗari, musamman a watanni ukun ƙarshe, inda sau da yawa akan rasa cikin, wani lokaci har da uwar. Tana kuma yaɗuwa daga majinyaci zuwa mai jinya ta jini da amai da fitsari, mai jinya a gida kuwa ke ce. Don haka in zazzaɓi ya ƙi jin maganin maleriya, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, kada a ce bari a ga gobe. Ki sanar da maigida a tafi asibiti, ki kuma faɗa wa likita in akwai ɓeraye a gidan. Wanda aka kai da wuri ya fi samun sauƙi.

Iyayenmu maza da ke saurare, a taimaka da kuɗin mazubi da buhun siminti, a kuma ba da izinin asibiti a kan lokaci.

Nan za mu dakata, 'yan uwa. Kafin ki kwanta yau, ki leƙa ki ga ko randa a rufe take. Allah ya tsare mu da zuri'armu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a huta lafiya.