Jawabi a Taron Wata: Aikin Yanar Ido

 

Dattawanmu da yawa a nan Sabo sun daina zuwa kasuwa saboda yana ta rufe musu ido, alhali tana da magani. Aikin bai cika wuce minti 30 ba. Ido kaɗai ake kashewa, a cire yanar, a sa ƙwayar roba a gurbinta.

Kafin ranar, a auna suga da hawan jini, a nuna wa likita duk maganin da ake sha, a tafi da ɗan rakiya.

Bayan aiki, kada a murza ido, kada a sa kwalli. Wajen alwala a kiyaye ruwa, a tambayi likita yaushe za a koma sujada. Maganin ɗigawa yakan kai mako 4. Masu tsire da 'yan kara, a nisanci hayaƙi da ƙura. In zafi ya tsananta ko gani ya ragu, a koma asibiti ran nan.

Don Allah, jama'a, kada a kai tsoho gida wajen masu tura yana da tsinke. Idon da suka ɓata da wuya ya gyaru.

Allah ya ba mu lafiya.