Daga Karan Sigari Zuwa Sigarin Lantarki

A shekarar 2023 gwamnatin Birtaniya ta sanar da shirin raba wa mashaya taba miliyan ɗaya a Ingila sigarin lantarki kyauta, don su rabu da karan sigari. Hujjarta ita ce, mafi yawan illar taba daga hayaƙin ƙonuwarta take fitowa.

Sai dai ga wanda ya koma sigarin lantarki, makon farko akwai wuya. Tururin yana busar da maƙogwaro, ga tari, dole mutum ya yawaita shan ruwa. Zuƙar ma daban ce: a hankali ake ja, a ɗan daɗe, domin a na'urori da yawa nikotin ba ya isa jini da saurin na sigari. Wanda ya zaɓi ruwan sigarin lantarki mai ƙarancin nikotin, kafin la'asar ƙishirwar taba ta mayar da shi wurin mai tireda. Nan ne hankalina yake tashi, mutum ya riƙe biyun, wannan a aljihu, wancan a baki, alhali ko kara ɗaya a rana yana cutar da zuciya.

Yara kuwa bai kamata su kusanci wannan na'ura ba. Saboda su, da kuma shara, Birtaniya ta hana sayar da irin wadda ake sha a yar tun ranar 1 ga Yunin 2025.